Rakiyar baƙo da dare a tsakiyar Abuja: hidimar wani masauki a Wuse

Akwai wani matsakaicin masauki a Wuse, a ɓangaren Zone 4, da ya ƙara wa baƙinsa wata hidima wadda ban saba ganinta a masaukan Abuja ba. Idan baƙo yana son fita da ƙafa bayan magariba, ko zuwa masallaci, ko neman abinci, ko kantin magani, ko kuwa ya miƙe ƙafa kawai bayan ya wuni a zaune, sai a haɗa shi da ma'aikaci guda ya raka shi ya kuma dawo da shi. Ni mutumin Katsina ne, bin takardun aiki a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya ke kawo ni birnin lokaci-lokaci, kuma na yi amfani da wannan rakiya a zuwa daban-daban, da rani da damina. Ɗakunan wurin suna da tsabta, ruwa yana zuwa, janareta yana tashi idan an ɗauke wuta, iyakar abin da zan ce a kansu ke nan. Rakiyar ce take mai da ni wurin, kuma a ganina ta cancanci kuɗinta, ko da yake tana bukatar gyare-gyaren da ba ƙanana ba.

Wanda bai san Abuja ba zai yi mamakin a ce babban mutum, mai lafiya da hankalinsa, yana neman ɗan rakiya a garin da fadar shugaban ƙasa da hedkwatar 'yan sanda da ta soja suke. Dalilin yana cikin yadda aka gina birnin. Mutumin da ya tashi a Katsina ko Kano ko Zariya ya saba da daren da yake da mutane a cikinsa: mai shayi ya kafa tebur, mai tsire ya hura wuta, matasa suna majalisa a ƙofar gida, dattawa ba su naɗe tabarmar ƙofar masallaci ba, kuma duk wanda ya bi layin sai an gan shi an amsa masa sallama. Idanun jama'a ne suke tsare shi, ko bai lura ba. Abuja kuwa a takarda aka fara gina ta. Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, wata gamayyar kamfanonin Amurka ta zana taswirar birnin a 1979, mai zanen gine-gine ɗan Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyarsa, sannan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991. An ware tsakiyar domin ma'aikatu da bankuna da majalisa da kotu, aka shimfiɗa mata tituna masu faɗi domin motoci, gidajen kwana kuwa aka kai su wasu unguwanni. Yawancin waɗanda suke cika ofisoshin da rana ba su da halin zama a cikin gari, saboda haka da la'asar ta yi sanyi sai su kwarara zuwa Nyanya da Karu da Mararaba da Masaka da Kubwa da Lugbe da Suleja, kafin isha'i wurin ya koma kamar kasuwar ƙauye bayan ta watse, rumfuna suna nan, hanya tana nan, amma babu mai amsa sallama.

A kan wannan kuma, tun watan Oktoban 2006, zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan birnin, aka hana 'yan acaɓa shiga cikin gari, kuma an taƙaita Keke Napep ga wasu unguwanni da garuruwan gefe. Baƙon da ya gaji ko ya ɓata hanya ba shi da abin hawan gaggawa da zai ɗaga wa hannu sai mota, alhali a cikin motar ne mafi munin haɗarin daren Abuja yake.

Tsarin hidimar ba shi da wuya. Baƙo zai sanar da teburin karɓar baƙi kafin magariba, a rubuta sunansa da lambar ɗakinsa da inda za shi da lokacin fita a cikin littafi, a ba shi lambar wayar ɗan rakiyar, kuma a ƙara kuɗin a kan na ɗaki. Abin da aka caje ni a kowace fita bai wuce abin da zan biya tasin manhaja, wato wadda ake kira ta waya irin su Bolt ko Uber, zuwa da dawowa a cikin gari ba. Ana fara rakiyar daga magariba, a rufe ƙarfe 10 na dare.

Ɗan rakiyar da na fi fita da shi mutumin jihar Bauchi ne, ya haura shekara arba'in, ya yi aikin gadi shekaru masu yawa a Wuse da Garki kafin masaukin ya ɗauke shi, kuma yana jin Hausa da Turanci da broka. Aikinsa yana farawa tun kafin a bar harabar masaukin. Ya dube ni sama da ƙasa cikin ladabi, ya roƙe ni in bar jakar kwamfuta da agogo a ɗaki, in ɗauki kuɗin da zan kashe kawai tare da katin shaidar ɗan ƙasa, in sa takalmi mai rufi maimakon silifa, wayata kuma in mai da ita aljihun 'yar ciki, kada in bar ta a aljihun gefe inda hannu yake shiga ya fita ba a ji ba. Da ya ga ina shirin sa katin banki a aljihu sai ya ce, "Alhaji, wannan ya kwana a ɗaki. Abin da ba ka fita da shi ba, babu mai tilasta maka ka faɗi lambarsa." Ya kuma sharɗanta cewa ba a amsa waya ana tafiya a bakin titi, domin hasken wayar yana nuna mutum daga nesa, hankalinsa kuma ya rabu biyu, idan kiran na dole ne, sai a shiga gidan mai ko kanti a amsa. Duk wannan ya faɗe shi ba tare da tsoratarwa ba, kuma na yaba masa a kan haka, domin baƙon da aka cika wa ciki da tsoro yakan yi ta waige-waige, waige-waigen kuma shi ke shaida wa kowa cewa baƙo ne.

Fitar da na fi yi ita ce zuwa Masallacin Ƙasa domin sallar isha'i. Daga Zone 4 tafiya ce da ba ta kai rabin awa ba, ta wajen titin Ladi Kwali inda babban otal ɗin da aka sani da Sheraton a da yake, a nufi ɓangaren Cibiyar Shehu Musa 'Yar'aduwa, sannan a isa masallacin, wanda aka gina a 1984 kuma hasumiyoyinsa huɗu da ƙubbarsa mai ruwan zinariya suke zama alamar hanya ga duk wanda ya rikice. A taswirar waya hanya ce gajeriya miƙaƙƙiya, amma ɗan rakiyar ba ya bin ta yadda wayar ta zana. Yana sa mu bi gefen da za mu fuskanci motoci masu zuwa, domin kada mota ta rage gudu a bayanmu ba mu gan ta ba. Yana ƙara tafiya da gangan domin ya kauce wa ƙarƙashin gada, da filayen da ba a gina ba waɗanda ciyawa take rufewa da damina, da doguwar katangar da ba ta da ƙofa ko mai gadi. A wannan yankin ne Hasumiyar Millennium take tsaye, wadda aka fara tun 2006 kuma ba a kammala ba, kuma irin waɗannan gine-gine da aka bari a rufe suna barin dogon wuri babu haske babu motsi. Idan za a tsallaka titi mai layi da yawa, yakan jira har ya ga sarari sosai, domin da dare titunan a buɗe suke, direbobi suna gudu son ransu, wasu kuma ba sa mutunta danja. Bayan an sallame salla ba ya bari a daɗe ana zaune. Ƙa'idarsa ita ce a fito tare da jama'a, a yi amfani da 'yan mintocin da titin yake da mutane da fitilun motoci, domin da zarar masallata sun watse wurin ya koma yadda yake.

Na lura cewa tocilarsa ta fi haska ƙasa fiye da gefen hanya, kuma da na tambaye shi sai ya nuna mini ramin magudanar ruwa a tsakiyar hanyar masu ƙafa, a buɗe, an ɗauke murfin ƙarfensa. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce a Abuja. A watan Janairun 2025 satar murafen nan ta kai matsayin da hukumar birnin ta haramta wa 'yan jari-bola yawo a cikin gari, ta kuma rufe kasuwannin 'yan gwangwan na mako biyu. An mai da wasu murafen, wasu ramukan kuwa suna nan, kuma idan aka yi ruwan dare ruwa yakan shafe bakinsu ta yadda mai tafiya zai ɗauka kwalta ce. Karayar ƙafa a irin wannan rami ta fi kusa da baƙo fiye da haɗuwa da ɗan fashi. Haka fitilun kan titi suke: wani yanki tas kamar rana, na gabansa duhu, saboda an yanke waya ko an kwance wani abu a jikin turken, kuma yankin da yake da haske a wannan makon ba lallai ya kasance da shi a mako mai zuwa ba. Wannan ne ya sa taswirar waya ba za ta maye gurbin mutumin da yake bin hanyar kowane dare ba. Ina so in ƙara da cewa da yawa daga cikin masu jari-bola 'ya'yanmu ne da suke neman halaliyarsu da guminsu, kuma zunubin kaɗan daga cikinsu da na manyan da suke sayen ƙarfen sata ne ya shafa musu baƙin jini. Ɗan rakiyar ma bai taɓa nuna mini mai tura baro ya ce ga ɓarawo ba.

Abin da ya fi komai daraja a hidimar nan, wanda kuma masaukin kansa bai san yana sayarwa ba, shi ne mutanen da ɗan rakiyar ya sani. Tsakiyar Abuja ba ta rasa mutane gaba ɗaya da dare ba, sai dai ba sa kan titi. Suna ɗakin gadi a bayan ƙofar banki, suna kan benci a gefen gidan mai, suna bayan teburin shayi a wani lungu da baƙo ba zai taɓa ganowa ba, kuma mafi yawansu masu jin Hausa ne, daga jihohin Arewa da Jamhuriyar Nijar. Ba ma wuce ɗaya daga cikinsu ba tare da ya tsaya ya gaishe shi ba. "Baba, barka da dare, ya aiki?" Dattijon ya amsa, ya gaishe ni, sannan ya ƙara da abin da ya gani: an ɗauke wuta daga nan zuwa shataletale, ko wata mota ta daɗe tana zagaye tun magariba, ko jami'ai suna kame a gaba, a bi ta baya. Wani dare maganar wani mai gadi ce ta sa muka juya muka bi wata hanya, kuma ban tambayi dalili ba, domin shi ɗan rakiyar bai yi gardama ba. Hausawa suka ce baƙo ko da idonsa makaho ne. Da wannan gaishe-gaishe mutumin yake haɗa wa baƙonsa irin idanun da ya baro a garinsu: kafin a kai masallaci mutane da dama sun san cewa wane ya wuce da baƙo, kuma suna sa ran ganin dawowarsu. Na tabbata idan ba su ga mun dawo ba, akwai wanda zai ɗaga waya. Ba kulki yake riƙe da shi ba, ba kuma ƙato ba ne, sabo da mutunci da ya tara a shekarun gadi su ne kayan aikinsa.

Zuwa Wuse 2 neman abinci wani abu ne daban. Ba ya yarda a tafi da ƙafa tun daga masauki, sai a kira mota ta kai mu titin Aminu Kano ko na Adetokunbo Ademola, sannan a taka a cikinsu. Nan akwai haske da gidajen abinci da masu suya da kantunan magani da suke kaiwa dare, kuma haɗarin wurin irin na cunkoso ne: masu fizgen waya, musamman lokacin da 'yan kasuwar waya na wajen Banex suke tashi, da direbobin da suka sha suka bugu idan dare ya yi nisa. A nan amfaninsa ya ragu, kuma wanda ya saba da Sabon Garin Kano zai iya kula da kansa.

Akwai wuraren da ya ƙi kai ni, kuma ƙin nasa yana cikin abin da ya sa na amince da shi. Na so in ga Dandalin Eagle da ginin Sakatariya da ɓangaren Majalisar Tarayya da dare, lokacin da babu hayaniya, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, can da mota ake bi, da rana kuma ake kallo." Ba ɓarayi yake gudu a can ba, zargin jami'an tsaro yake gudu. Birnin nan ya ga harin bam a hedkwatar 'yan sanda a ranar 16 ga Yuni, 2011, da na ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a ranar 26 ga Agusta na wannan shekarar, da na tashar Nyanya a watan Afrilun 2014, da na rukunin shagunan Emab a Wuse 2 a watan Yunin 2014, kuma tun daga lokacin mai tsaron ginin gwamnati ba ya ɗaukar mutumin da ya tsaya yana kallo ko yana ɗaukar hoto da dare a matsayin ɗan yawon buɗe ido. Shawararsa ga wanda jami'i ya tsayar ita ce ya tsaya nan take, ya yi gaisuwa, ya bar hannayensa a inda za a gan su, ya faɗi sunan masaukinsa, ya nuna katin shaida idan an nema, kada ya ɗaga murya ko ya fara lissafa manyan da ya sani. Haka kuma ya ƙi a bi ta ƙarƙashin gadojin Area 1 da Berger da Mabushi da ƙafa bayan duhu, kuma da na bi ta wuraren a mota na ga dalilinsa.

A kan batun mota ne ya fi tsanantawa. 'Yan wan-cans, wato ɓarayin da suke yawo a mota kamar ta haya, ɗaya yana tuƙi sauran suna zaune a matsayin fasinjoji, sun daɗe suna addabar Abuja. Suna ɗaukar mai jiran mota a bakin hanya, su rufe ƙofa da gilashi, su ƙwace waya da kuɗi, su tilasta wa mutum ya buɗe asusunsa ko su cire abin da yake cikin katinsa da na'urar POS, sannan su yar da shi a wani wuri, wani lokaci motar tana tafiya. A watan Satumban 2023 wata matashiya ta rasa ranta bayan an turo ta daga irin wannan mota a kan hanyar Maitama zuwa Kubwa, abin da ya tayar da hankalin ƙasa baki ɗaya. Ƙa'idar ɗan rakiyar ita ce baƙo ba ya shiga kabu-kabun da ya tsaya masa a bakin titi da dare, ko da ya ga mace a ciki, ko ya ga mai rawani, domin da irin wannan shiga ake kwantar wa mutum da hankali. Idan tafiyar ta fi ƙarfin ƙafa, sai ya sa a kira mota ta manhaja, Bolt ko Uber ko inDrive, a jira ta a cikin haraba ko a ƙofar da take da mai gadi, a duba lambar motar da fuskar direba su dace da abin da wayar ta nuna, a bar direban ya faɗi sunan wanda ya zo ɗauka da bakinsa, kuma idan akwai wani mutum zaune a ciki a soke tafiyar. Shi da kansa yake ɗaukar hoton lambar ya aika wa teburin karɓar baƙi a gaban direban. Ya kuma sa na adana lambar kiran gaggawa ta ƙasa, 112, tare da lambar masaukin, na rubuta su a takarda ma, saboda wanda aka ƙwace wa waya ba shi da inda zai duba. Hukuma ta ƙaddamar da sababbin tashoshin mota a Mabushi da Kugbo a tsakiyar 2025 domin mutane su daina hawa a bakin hanya, jirgin ƙasan cikin birni ma ya dawo aiki a watan Mayun 2024, amma waɗannan sun fi amfanar mai zuwa aiki da mai sauka daga filin jirgin sama fiye da baƙon da yunwa ta kama ƙarfe tara na dare.

Gyare-gyaren da na ambata suna da nauyi, kuma na farkonsu shi ne rashin mace a cikin masu rakiya. Ƙanwata ta sauka a masaukin lokacin da ta zo wani taron ma'aikatan jinya, ta bukaci kantin magani bayan isha'i, kuma abin da aka iya ba ta shi ne namijin da ba muharraminta ba ya raka ta cikin duhu, ko kuma ta ba da kuɗi a sayo mata. Ta zaɓi a sayo mata, ta zauna a ɗaki. Mata su ne suka fi bukatar wannan hidima, kuma su ne tsarin ya manta da su, alhali masaukin yana da ma'aikata mata, kuma ba abu ne mai wuya ba a haɗa mace da namiji su raka baƙuwa tare. Sannan ba a rubuta hidimar ko kuɗinta a ko'ina ba, ba a ɗaki ba, ba a teburin karɓar baƙi ba. Ni daga bakin mai gadin ƙofa na ji labarinta, kuma kuɗin da wani ma'aikaci ya faɗa mini ya bambanta da wanda wani ya faɗa. Baƙon da ya zo karon farko, wanda domin irinsa aka yi abin, zai iya kwana ya tashi bai san akwai shi ba.

Abu na gaba ya fi damuna. Hidimar gaba ɗayanta ta rataya ne a wuyan mutum ɗaya. Wani dare da ya fita da wani baƙo, sai aka ce wani yaro cikin masu share-share zai raka ni, yaro mai ladabi, amma bai daɗe da zuwa Abuja ba, kuma da na tambaye shi ta ina za mu bi sai ya ciro waya zai duba. Na gode masa, na yi sallata a masallacin harabar masaukin. Haɗa baƙo da baƙo a kira shi rakiya ya fi rashin rakiya haɗari, domin yana sa mutum ya saki jiki a inda bai kamata ba. Ya dace masaukin ya sa wasu ma'aikata su riƙa bin gwanin nan suna koyon hanya, masu gadi da masu shayi suna sanin fuskarsu, tun kafin ranar da zai bar aikin. Shi kansa ba a ba shi katin shaidar aiki ko riga mai ƙyalli da direba zai hango daga nesa ba, kuma tocilar da yake amfani da ita tasa ce. Littafin da ake rubuta fita ma ba kullum ake rubuta dawowa a cikinsa ba. Na taɓa ganin gurbin dawowata na daren jiya babu komai a ciki, wanda yake nufin babu wanda ya duba ko na dawo. Littafin ba shi da amfani sai idan akwai wanda aikinsa ne ya buga waya idan lokaci ya wuce.

Ya kamata kuma baƙo ya san iyakar abin da ya saya. Ɗan rakiyar ba jami'in tsaro ba ne, ba ya ɗauke da makami, kuma ya faɗa mini tun farko cewa idan aka tare mu da makami to a miƙa abin da aka nema, kada a yi kokawa a kan waya. Aikinsa shi ne ya rage yiwuwar a kai ga haka, kuma a wannan ya ƙware. Wanda zai fi amfana da shi shi ne mai zuwa Abuja karon farko, da dattijon da idonsa ya fara rauni da dare, da wanda ya kawo majinyaci Asibitin Ƙasa kuma dole ya fita neman magani ko abinci a lokacin da bai zaɓa ba. Wanda yake da ɗan'uwa mai mota a gari ba ya bukatarsa sosai. Wanda kuma ya sauka a masaukin da ba shi da irin wannan tsari, ya nemi teburin karɓar baƙi su haɗa shi da ma'aikacin da ya daɗe a wurin, da saninsu kuma a rubuce, kada ya yi ciniki da wanda ya tare shi a bakin ƙofa ya ce ya san gari.

Na tambayi ɗan rakiyar dalilin da ya sa ake rufewa ƙarfe 10, sai na gano cewa a Mararaba yake zaune da iyalinsa, a jihar Nasarawa, kuma idan ya mai da baƙo na ƙarshe ɗakinsa sai ya fita bakin titi ya nemi motar da za ta kai shi gida ta hanyar shataletalen AYA da Nyanya. Kuɗin tasin manhaja zuwa can ya fi ƙarfin albashinsa, saboda haka kabu-kabun da ya hana ni shiga shi yake shiga kowane dare, yana duba fuskokin fasinjoji yana addu'a. Wannan bai dace ba, kuma na faɗa wa manajan masaukin haka: ko dai a ba shi wurin kwana a ranakun da yake rakiya, ko a sa kuɗin motarsa a cikin abin da baƙo yake biya, kuma ni a shirye nake in biya ƙarin. Idan aka ba shi makwanci, za a iya tsawaita lokacin rakiyar ga mai larurar dare, masaukin ma ya ƙaru. Manajan ya saurare ni ya ce za su duba, amma a zuwana na baya-bayan nan ban tarar an sauya komai ba. Duk wanda zai yi amfani da hidimar, ina roƙonsa ya yi wa manajan wannan magana shi ma, ya kuma shirya fitarsa da wuri yadda mutumin zai samu motar gida tun akwai jama'a a tasha.